Mai Fitila Tsakanin La'asar da Magariba

Makon jiya wasu samari biyu suka shigo shagona da fad, wato abin nan da mai wasan gem na talabijin ke riƙewa yana dannawa, suka ce maɓallin tsalle ya mutu, in sayar musu da sabo. Na karɓa, na kwance sukurorin bayansa, na ciro 'yar robar da ke ƙarƙashin maɓallin. Baƙin da ke jikinta ya yi santsi saboda gumin hannu. Na goge shi da auduga da ɗan sifirit, na goga masa bakin fensir, na mayar na ɗaure. Da suka gwada, mutumin da ke cikin talabijin ya yi tsalle. Sai ɗayan ya dubi ɗan'uwansa ya ce, "Ashe ma ba wani abu ba ne. Ni ma gidan gem zan buɗe, in zauna a inuwa in huta."

Na ƙyale shi ya tafi. Tun ina ɗalibi bakina ba shi da sauri, na fi iya magana a takarda. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, saboda shi da ire-irensa.

Ina sakandare kawuna ya kai ni wurin Malam Habu mai gyaran rediyo, a unguwarmu da ke gindin dutse a nan Kazaure. Ya ce masa, "Malam, ga ɗanka nan. Ba ya ƙiriniya, amma in aka ƙyale shi zai tsufa a ɗaki da littafi. A koya masa abin da zai riƙe da hannu." Malam Habu ya ɗago kai daga rediyon da yake dubawa ya ce, "Ya iya shara?" Kawu ya ce na iya. Ya ce, "To ai ya fara."

A lokacin ya riga ya raba shagon gida biyu. A gaba akwai teburin gyara, a ciki kuma benci da talabijin da na'urorin gem da ya saya wurin wani ɗan kasuwa mai shiga Nijar ta Babura. Aikin gyara na farko da ya sa ni shi ne fitar da kyankyaso daga cikin na'ura. Kyankyaso yana son ɗumi, ya shiga ta ramin iska ya yi gida a kan allon wuta, kashinsa ya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Ka buɗe murfin a waje, ka kakkaɓe, ka bi layi-layi da tsohon burushin haƙori, ba ruwa ko ɗigo. Kayan aikinmu ba su da yawa: sukudireba manya da ƙanana, ƙarfen dalma, mitar gwada wuta, auduga, sifirit, farin ƙyalle da man goge baki. Man goge bakin na faifai ne. In faifai ya karce, ka ɗiga masa kaɗan, ka goga daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Wanda ya goga a zagaye ya kashe faifan.

Sai kuma ido. Kowace na'ura tana da ido a cikinta, da shi take karanta faifai, kuma ido yana tsufa kamar na mutum. In ya fara rauni za ka ji faifan yana juyawa yana tsayawa, yana wani ƙara kamar ɓera a cikin buhu. Na farko ka share shi da auduga a hankali. In ya ƙi, ka kifa na'urar a kan bulo biyu, sau da yawa sai ta karanta. Maigida, wato Malam Habu, bai taɓa gaya min dalili ba, sai da na buɗe wata matacciya na gane cewa nauyin idon ne ke sa ya ƙara matsowa kusa da faifan.

Amma kafin duk wannan, ranar farko ma, abin da ya fara nuna min makunni ne. Shagon namu yana daf da masallacin unguwa, kuma mai unguwa bai yarda a buɗe shi ba sai da sharaɗi biyu: ba a buɗe ɓangaren gem sai an tashi daga makaranta, kuma da ladan ya ɗaga murya a kashe komai. Maigida ya jawo waya daga janareta da ke bayan shago zuwa bakin ƙofa, ya sa mata makunni ɗaya da ke ɗauke wutar gari da ta inji gaba ɗaya. Ba ya ihu, ba ya roƙon kowa ya tashi. Da an ce Allahu akbar sai kawai ka ga talabijin ya yi baƙi. Ya ce min, "Shafi'u, wannan ne ya riƙe shagon nan, ba ni ba. Ranar da ka jira wani ya ci ƙwallo kafin ka taɓa shi, ranar muka tashi."

Ƙwallo ce ke ciyar da gidan gem. Mutum biyu su zauna, su buga, wanda aka ci ya tashi, wani ya zauna. Shi ya sa Maigida bai ji daɗi ba da ya ga wani baƙon faifai a cikin ɗaurin faifan ƙwallo da ɗan kasuwar nan ya kawo, wai gyara ya yi mana a kan ciniki. Rubutun jikinsa na Faransanci ne, ba wanda ya damu ya karanta sunan. Wasa ne na mutum ɗaya: wani mutum da takobi a baya da fitila a ƙugu, yana neman ƙanensa da aka ɗauke zuwa wani birni a kan dutse. Yana hawan doki, yana faɗa, yana shiga kogo, yana buɗe ƙofofin da aka kulle da dabara. Yaran unguwa suka sa masa suna Mai Fitila, suka gwada shi kwana kaɗan, suka koma ƙwallonsu.

Manya ne suka riƙe shi, su uku. Akwai Yaya Ɗanliti, ɗan acaɓa mai jigila tsakanin Roni da Kazaure, wanda ke jingine babur ɗinsa a ƙofarmu da la'asar. Akwai Malam Isiyaku, ma'aikacin ofis, wanda ya yi zaman kasuwanci a Nijar da ƙuruciya har ya tsinci Faransanci. Sai Buba, ɗan gidan makiyaya daga wajen Gwiwa, da ke shigowa gari kan harkar dabbobi ya tsaya ya huta kafin ya koma. Memorin ajiye wasa guda ɗaya gare mu, saboda haka tafiyar ɗaya ce, su duka suke yin ta. Ƙa'idar da suka kafa wa kansu ita ce: in ka mutu ka miƙa. Wanda ke riƙe da fad ba ya sakin sa sai an kashe Mai Fitila a hannunsa.

Ban taɓa ganin wasan da aka zaga kamar wannan ba, kuma ban taɓa ganin wanda aka yi wa naci kamarsa ba.

Ɗanliti faɗan yake so. Yakan ce, "Kai, ka ji ƙarar takobin nan? Wanda ya yi faɗan nan ya san faɗa. In ka sari mutum kana jin nauyinsa har kafaɗarka." Amma da an zo wurin da mutanen cikin wasan za su tsaya su yi magana, kuma ba maɓallin da ke tsallake ta, sai ya ajiye fad a cinya ya fara tsaki. "Ga shi nan, an fara zaman sulhu. Malam, me tsohuwar nan take cewa?"

Malam Isiyaku zai gyara tabarau ya matso. "Cewa take, ɗana, kada ka bi hanyar rafi, don wanda ya bi ta bara bai dawo ba."

"Malam, tsakaninka da Allah, haka ta ce? Bakinta sau biyu kawai ya motsa."

"Faransanci ne, Ɗanliti, ba kiran fasinja ba ne. Kalma ɗaya tana ɗaukar kaya."

Shi Malam Isiyaku labarin ne ya kama shi, da ƙofofin dabara, inda za ka juya duwatsu ka bi da ruwa ta kwata har ya ɗaga ƙofa. Faɗan kuwa a wurinsa ɓata lokaci ne. Yakan ce an cika shi da yawa, mutum ba ya taku goma sai an tare shi, kamar babu mutumin kirki ko ɗaya a ƙasar. Ya fi jin haushin kyamara, wato inda wasan ke nuno maka abin daga nan, don ana tsaka da faɗa sai ta juya ta ɓuya bayan dutse, ka daina ganin kanka. "To wa nake sara yanzu?" Kafin ta dawo an kashe shi.

Buba bai cika magana ba, amma in ya yi, kan dokin yake yi. "Wanda ya yi dokin nan bai taɓa hawa ko jaki ba. Dabba ce za ta ga rami ta nufe shi?" Sauran biyun sun yarda da shi a nan, don dokin ya jefa su a kwazazzabo ba adadi. Abin da Buba ke yabawa shi ne ƙasar kanta. Wasan ba shi da taswira, Ɗanliti da Malam suna ɓata su yi ta zagaye wuri ɗaya, shi kuwa zai nuna talabijin da haɓa ya ce, "Ba ku ga ciyawar can ta fi kore ba? Ruwa na can. Wannan kam sun yi shi daidai."

Abu ɗaya ne bakinsu ya zo ɗaya a kansa: rijiya. Wasan ba ya barin ka ajiye inda ka kai sai ka isa rijiya ka sha ruwa, kuma rijiyoyin suna da nisa da juna. In wuta ta ɗauke, ko Maigida ya taɓa makunni, kafin ka kai ta gaba, duk tafiyar da ka yi ta zube, sai ka koma rijiyar baya. Ɗanliti ya ce waɗanda suka yi wasan a ƙasarsu ba a ɗauke wuta. Malam ya ce kuma ba a kiran salla.

Ni aikina a lokacin shi ne in zauna a gefe da ƙarfen dalma ina haɗa wayoyin fad da suka tsinke, kunnena yana wurinsu. Wannan ne ɓangaren sana'ar da ba a gani. Mai gidan gem yana gyaran na'ura, amma rabin aikinsa sauraro ne. Da sauraro za ka san wanda zai jefar da fad in ya fusata, ka ba shi tsoho. Da shi za ka san faifan da za ka ƙara saya da wanda za ka bari ya mutu. Da shi kuma na lura da wani abu game da mutanen nan uku: duk abin da mutum ke yabo a wasan, a nan hannunsa ya fi kyau, ba ya mutuwa. Dokin ne kawai ya saɓa, don Buba da ya fi kowa zagin sa shi kaɗai ya iya da shi. Sauran suna jan linzami da ƙarfi, shi kuwa yana sakar masa, ya ɗan taɓa shi kawai in an zo kwana.

Sai shekarar wahala ta zo. Taransifomar unguwarmu ta ƙone, gyaranta ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, muka koma kan janareta kacokan, ga mai ya yi tsada. A daidai lokacin kuma wayoyin hannu masu wasan ƙwallo suka cika gari. Yaran da ke cika mana benci suka koma gindin bishiya, kowa da wayarsa. Wata rana za mu tayar da inji bayan azahar, ya yi ta shan mai, ba wanda ya leƙo sai kaji. Maigida ya sayar da na'urorin ɗaya bayan ɗaya, har ya rage guda, wadda ke kife a kan bulo, ita ce mai karanta Mai Fitila.

Wata safiya ina share teburin gyara ya ce min, "Akwai wani Alhaji daga Babura, zai zo ranar kasuwa ya ga wannan ɗin. In mun daidaita ya tafi da ita, har talabijin. Ni zan koma rediyona. Kai kuma ka koma wa littafinka, dama can ka fi kyau." Na ce, "To, Maigida." Ban san yadda ake yi wa babba musu ba. Amma na san in na'urar nan ta hau mota, sana'ar da na koya ta tafi tare da ita.

Mutanen uku a lokacin sun kai rijiya ta ƙarshe, a gindin dutsen da birnin yake, kuma a nan suka maƙale. Daga wannan rijiya babu wata. Sai ka yi doguwar sukuwa a kan siririyar hanya, ka buɗe babbar ƙofar ruwa, ka saurari dogon jawabin sarkin birnin, sannan ka yi faɗa da shi. Dukkansu ba sa samun zuwa sai bayan la'asar, kuma dole a gama kafin magariba. Duk mutuwa ɗaya tana mayar da kai baya ta cinye lokaci. Sun gwada sun gaji. Ɗanliti ya faɗa rami da doki, Buba ya tsaya gaban ƙofar ruwa yana juya duwatsu ba kan gado, Malam ya isa gaban sarki a sare shi tun bai zare takobi ba, sai magariba ta yi, Maigida ya taɓa makunni.

Da na gaya musu zancen Alhajin Babura, Ɗanliti ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Wato ba za mu ga yaron nan ba ke nan?" Ƙanen Mai Fitila yake nufi.

Na daɗe ina juya maganar a bakina kafin ta fito. Na ce, "Yaya, da za ku yarda, akwai dabara. A bar ƙa'idar nan ta in ka mutu ka miƙa. A miƙa tun ba a mutu ba. Buba ya hau doki, da ya sauka ya ba Malam ya buɗe ƙofa, da sarki ya gama jawabi Malam ya ba ka."

Ɗanliti ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "Injiniya, ashe kana magana? Wato cewa kake ban iya doki ba? Ni da nake kan babur tun kana cikin tsumma?"

Na ce, "Babur ba ya gardama, Yaya."

Malam Isiyaku ya yi dariya har tabarau ya zame masa. Amma shi ma bai so ba. Ya ce a miƙa fad ana da rai, ai kamar a tashi mutum daga kan akushi ne bai ƙoshi ba. Buba ne ya raba gardamar. Ya ce, "Mu in za a tsallake rafi da shanu, wanda ya san rafin ke gaba, ko shi ne ƙarami. In an haye ya koma baya." Daga baya Ɗanliti ya ce a gwada.

Shirin da na yi wa wannan rana har yanzu ina koyar da shi. Na buɗe na'urar na share ido. Na bi faifan da man goge baki, musamman wani karce da na san yana sa jawabin sarki ya riƙa sarƙewa. Na zaɓi fad mafi lafiya, na canja masa roba, na sake yi wa wayarsa dalma daga tushe don kada ta yanke ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu. Na ciro filogin janareta na kankare shi, na wanke kafireto, na tace man da ƙyalle. Na ɗaure 'yar fanka tana hura bayan na'urar, don in ta yi zafi tana tsayawa cak. Ba abin da ya rage sai abin da ba ya hannuna.

Ranar kasuwa Alhajin Babura ya iso da la'asar, Maigida ya ba shi kujera ya ce ya ga yadda na'urar ke aiki da idonsa. Zancen ya riga ya zaga unguwa, har yaran da suka guje mu suka dawo suka tsaya a ƙofa da taga. Ana idar da salla na tayar da inji.

Buba ya karɓi fad, ya zauna a bakin benci, ya saki doki. Ya yi ta sukuwa lami lafiya, sai a kwana ta ƙarshe da dokin ya nufi rami ya ce masa, "Kai, wawa," ya ɗan taɓa shi ya dawo. Yana sauka ya miƙa wa Malam ba tare da ya waiwaya ba. Malam ya shiga juya duwatsu yana magana da kansa, Ɗanliti yana tsaye a kansa yana cewa, "Malam, ba fayil ba ne, a yi sauri." Ruwa ya gangara, ƙofa ta ɗaga. Sarki ya fara jawabi, faifan bai sarƙe ba ko sau ɗaya. Yau Ɗanliti bai tambayi fassara ba, yana ta goge tafin hannunsa a wando. Da ya karɓi fad daga hannun Malam, kyamara ta yi halinta, ta ɓuya bayan ginshiƙi, mutane suka yi salati, amma shi ya riga ya haddace motsin sarkin da kunne, yana jin ƙarar takobi yana kaucewa. Hasken rana a bakin ƙofa ya riga ya yi ja lokacin da sarkin ya durƙusa.

Ihun da aka yi sai da Maigida ya ɗaga hannu. Mai Fitila ya taka zuwa wata ƙaramar ƙofa, ya tura ta, ya ɗaga fitilarsa. A cikin ɗakin akwai mutum zaune ya ba mu baya. Ya fara juyowa.

Sai lasifikar masallaci ta yi ƙara, ladan ya gyara murya ya ce Allahu akbar.

Ni ne a bakin ƙofa, makunnin yana daidai kafaɗata. Na dubi Maigida. Yana zaune a teburinsa, bai motsa ba, ni kawai yake kallo. Ɗanliti ya ce, "Injiniya, don girman Allah! Ya juyo kawai!" Malam ya ce, "Shafi'u, ɗan kaɗan." Yaran taga suna ta roƙo. Kuma duk mun san babu rijiya a bayan sarkin, in wuta ta ɗauke an koma gindin dutse.

Na taɓa makunni. Talabijin ya yi baƙi, inji ya yi tari ya mutu, muryar ladan ta cika shagon.

Ba wanda ya yi min magana a hanyar alwala. Ɗanliti ya ajiye fad a hankali, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya fita. A sahu ma bai tsaya kusa da ni ba.

Da aka idar muka dawo, Alhajin Babura ya ce wa Maigida na'ura ta yi, a yi ciniki. Kafin Maigida ya buɗe baki Ɗanliti ya shigo da tiyo da kwalba a hannu. Ya je wurin babur ɗinsa, ya zuƙo mai daga tanki ya cika kwalbar, ya dire ta a kan teburin gyara. Ya ce, "Malam Habu, ba mai ne matsalar ba? Ga shi. Gobe ma zan kawo. Alhaji, ka yi haƙuri, amma na'urar nan ba ta zuwa Babura sai na ga fuskar yaron nan." Malam Isiyaku ya ce shi ma a sa shi a layin kwalba. Buba ya ce shi ba shi da babur, amma ya san inda ake sayar da mai. Daga taga wani ya ce su ma za su haɗa, in za a bar su su kalla.

Maigida ya ba Alhaji haƙuri, ya ce tunda ba a kai ga sallamawa ba, a bar maganar, ya raka shi har bakin titi. Da ya dawo ya ciro mukullin ɓangaren gem daga aljihu ya ajiye a gabana. Ya ce, "Ni na ɗauka za ka jira ya juyo. Ni kaina da na jira. Riƙe, daga yau kai ke buɗewa, kai ke rufewa."

Da kwalaben nan muka ƙarasa shekarar har wuta ta dawo. Mai Fitila kuwa sai da suka sake hawa dutsen sau da dama, wata rana doki, wata rana kyamara, kafin wata la'asar suka kai da sauran rana. Mutumin ya juyo. Ƙanen ne, amma ya manyanta, ya yi iyali a birnin, kuma bisa fassarar Malam, ya gode wa yayansa ya ce shi ba zai koma gida ba. Mai Fitila ya ajiye masa fitilar ya juya shi kaɗai.

Malam Isiyaku ya cire tabarau yana gogewa, ya ce bai taɓa ganin ƙarshen labari mai ma'ana irin wannan ba. Ɗanliti ya miƙe tsaye. "Wannan ne? Duk man da na zuba? Wallahi da ni ne sai na ɗauro shi a bayan doki. Malam, anya haka ya ce?" Buba ya daɗe yana kallon rubutun da ke hawa a talabijin, sannan ya ce, "To dokin fa? An bar shi a ƙasa, ba ruwa, ba kowa."

Har yau in suka haɗu a shagon nan, wanda yanzu nawa ne, da na'urori na zamani da ba sa cin faifai, musun da suke yi ke nan, kuma ba wanda ya sauya ra'ayi.

Saboda haka, saurayin da ya ce zai buɗe gidan gem ya huta, ƙofata a buɗe take, ka zo in koya maka. Dalma da ido da kafireto duk za ka iya su kafin damina ta fita. Amma ranar farko ba zan ba ka sukudireba ba. Zan tsayar da kai a bakin ƙofa, kusa da makunni, in sa manyan unguwa su zauna su fara wasa, ni kuma in koma teburina in jira ladan.